Kaza Mai Jan Zare

Gazawa, ran Laraba

Zuwa ga Hasiya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya jiki, ya nauyi? Ya Baba da Inna da mutanen Gangara? Ni lafiya lau, sai kewa.

Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san ban daɗe a lakol ba, bokona kaɗan ne. In na kira wayar Baba yana tsaye kusa da ke, bakina ba ya buɗewa, shi ya sa na ba Sanda mai kabu-kabu takarda.

Aikin gidan Kawu Dikko kiwon kajin nasara ne, na nama, a wani ɗaki bayan rumbu. Hasiya, ban taɓa ganin kaji haka ba. Ba su da uwa, cikin kwali aka kawo su. Ba su tono, ba su yawo, ba su san shaho ba. Ci kawai da kwanciya. Na watsa masu gero, Kawu ya yi mani faɗa, wai nasu abincin buhu ne.

Akwai wata 'yar tsako da sauran ke tattakewa. Kawu ya ce ba za ta yi ba, in ina so in ɗauka. Na ɗaura mata jan zare na bakin zanen da kika ƙulle mani kaya. Ta tashi. Taki ce. Ran da Allah ya sauke ki lafiya zan kawo ta da hannuna Inna ta yi maki farfesu, kar a ce mijinki ya tafi nema, ko ƙashi bai kawo ma mai jego ba.

Ki gaida kowa.
Naki, Lurwanu

Gazawa, ran Asabar

Hasiya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta su Inna. Sanda ya ce kin yi dariya da kika ji zancen kaza. Na ji daɗi.

Wata ya zagayo, an saida sauran duka, masu gasa kaji sun kwashe. Taki kaɗai ta rage. Kawu ya ce in yanka ko in saida, wai irin waɗannan ba a aje su, in lokacinsu ya wuce jikinsu ke kashe su. Ni ban gane ba. Kazar Inna ta shekara nawa tana yawo a tsakar gida?

Amma gaskiya ta yi nauyi. Na sha sassauta zaren don ƙafar na kumbura. In ta yi taku kaɗan sai ta zauna tana haki, baki buɗe. Na rage mata abinci ko ta jira ki, sai ta riƙa kallona, na kasa. Da rana ina jiƙa buhu in rufe mata akurki, in kai mata ruwa har baki.

Ban ce ki yi sauri ba, na Allah ne. Ina dai faɗa maki.

Allah ya raba lafiya.
Lurwanu

Gazawa, ran Litinin

Hasiya,

Barka da arziki. Sannu, sannu da jiki. Allah ya raya, ya ba ki lafiyar shayarwa. Ya Inna da hidima?

Na san an zuba ido jiya ba a gan ni ba. Na zo, Hasiya. Na zo har bakin gari.

Da Sanda ya kawo labari, nan take na kama kazar. Kawu ya ce in yanka tukuna, ba za ta jure hanya ba. Na ƙi. Wa ke kai ma surukai kaza a yanke kamar ya tsinto? So nake Baba ya ɗaga ta ya ji nauyi, ke ma ki ga zaren. Na ɗaure mata ƙafafu na rataya a babur, kai ƙasa, yadda muke kai namu kasuwa. Rana ta yi zafi. Tana ta haki, ina ce ma Sanda ya ƙara wuta.

Wajen tsamiyar nan ta bakin gari na ji ta yi shiru. Muka tsaya. Fiffike na ɗan motsi. Ni ba wuƙa, Sanda ba wuƙa. Na ruga gonar da ke kusa na aro, kafin in dawo ta tafi. Mushe. Ko miyanta ba ki sha ba.

Daga nan ina hango hayaƙin ruwan wankanki. Sanda ya yi ta lallashi mu shiga. Na ƙi. Na gina rami na rufe ta don karnuka, na ce ya mai da ni.

Ran suna zan zo, hannu biyu, ba ko ƙashi, a faɗi abin da za a faɗa. Na ji kunyar tambayar Sanda, ke ki aiko mani: da wa yake kama?

Ga zaren nan cikin takardar. Shi kaɗai ya iso.

Mijinki, Lurwanu