Ƙwan Fitilar Jif ɗin Baba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya aiki, ya ciwon bayan nan naka? Umma tana gaishe ka.

Maganar jif ɗin gida ce ta sa na rubuto. Baba ya hana kowa sakat, wai fitilun gaba sun dushe, ba ya ganin hanya idan ya rufe shago bayan magariba. Mun je wurin mai gyaran wutar mota, ya baje mana ƙwayayen fitila a kan tebur: irin na da mai ja-ja, da sabon fari ƙal mai kashe ido. Ya ce farin ya fi kai haske nesa, amma a fitilun ƙasa, na hazo, rawaya ya kamata a sa, don fari dawo wa direba yake yi a ido. Baba ya kafe sai fari sama da ƙasa, ka dai san shi. Kai da kake ji da kanka a harkar mota, wanne za mu ɗauka? Kar ka yi mini shirun nan naka.

Taka,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar iyali. Mun bi shawararka, fari a sama, rawaya a ƙasa. Da aka kunna a gareji har sai da na kare fuska, bango ya yi tar.

Jiya na biyo Baba daga shago. Muna hawa titi ya kunna na ƙasa, ya matso da fuskarsa jikin gilas yana gogewa da hannun riga, yana mitar hazon bana ya yi yawa. Yaya, wallahi babu hazo. Gari garau, har lambar motar gabanmu ina karantawa. A kwanar makaranta wata mata ta tsallaka da yarinya a hannu, sai da na ƙwalla ƙara ya taka birki. Bai gan su ba sam. Har muka iso gida yana cewa gobe a nemo ƙwan da ya fi wannan.

Tsoro nake ji. Ban gaya wa Umma ba. Ta ina zan fara ce wa mutumin da ya koya mana tuƙi ya kawo mukulli?

Taka,
Auta

Yayana,

Ina fatan kun tashi lafiya. Na lallaɓa shi mun ga likitan ido. Likitan ya ce jijiyar idon ce take lalacewa a hankali. Magani zai tsare abin da ya rage, wanda ya tafi kuwa ba zai dawo ba. Baba ya saurara, ya yi godiya, muka fito. Ni kuwa na kasa tayar da zancen tuƙi, kwana da kwanaki ina juya shi a raina.

Yau da safe na fito na tarar da shi cikin jif, ya yi wanka ya sa hularsa, yana zaune a kujerar mai zaman banza, ya ɗaura bel. Mukullin yana kan kujerar direba. Bai kalle ni ba. Ya ce in yi sauri, za mu makara buɗe shago, kuma in daina taka birki da garaje.

Na tuƙa shi har shago. Ka kira shi, amma don Allah kar ka yi masa jaje.

Ƙanwarka,
Auta