Kujerar da Mumuni Ya Ƙi

Gamkalley, Yamai

Zuwa ga Yayana Halidu, a Alƙahira.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ku lafiya, kai da Zeinabu da yara. Allah ya sawwaƙe maka ciwon gwiwar nan, ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya lau. Inna ta zo daga Tawa ganin likitan ido, an duba ta, kuma da sauƙi, har ta koma yi mana faɗa a kan gishirin miya. Ɗiyata Aminatu ta sauka, an samu namiji, sunansa Harouna. Kogi ya cika bana ya ci gefen lambun maigidana, amma salati da kabeji sun tsira.

Na zaɓi takarda ne don na san ka a waya, ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana. Zancen ɗana Mumuni ne, wanda kai ka riƙe shi a gidanka har ya gama karatun noman rani. Na ji saƙon da ka aiko cewa ya kunyata ka, ka cire hannunka daga kansa, kada ya ƙara kiran ka. Ina roƙo ka ji yadda abin ya faru tukuna.

Da ka kira abokinka na lakwal, wanda kuka yi makaranta tare, darektan nan na unguwar Plateau, ya ce yaron ya zo ya fara aiki, mun yi murna, har na dafa masa dambu. Ya sa rigarsa ya tafi. A biro ɗin, wato ofishinsu, aka nuna masa teburinsa, sai ya tarar da wata yarinya tana kwashe kayanta daga kai. Ƴar Alu ce, wani manomin shinkafa a Saga. An yi konkur, jarrabawar ɗaukar aiki, don wannan gurbin, ita ta zo ta ɗaya, ta daɗe tana aikin ba albashi tana jiran a tabbatar da ita, ranar kuma aka ce mata ta ƙara haƙuri. Mumuni ya shiga wurin darekta, ya yi godiya da ladabi, ya ce ba zai iya zama a kujerar ba. Ya dawo gida bai ko taɓa abinci ba. Ba zan ɓoye maka ba, raina ya ɓaci ƙwarai, don albashina na koyarwa ka san inda yake tsayawa, kuma na ƙosa in ga yaron nan ya tsaya da ƙafarsa.

A wurin sunan Harouna na gane dalilinsa. Maza suna shan shayi a ƙofar gida, mu muna jin su ta katanga, sai gardama ta kaure a kan abin da ya hana ƙasashen Larabawa ci gaba, ga mai, ga tarihin ilimi, ga harshe ɗaya. Malam Isaka maƙwabcinmu, da bai taɓa wuce Agadas ba amma ya fi kowa sanin Bagadaza, ya ce duk laifin Turawa ne, su suka yanka ƙasashen, su ke sayar musu da makamai suna kallo. Maigidana ya ce shugabanni ne da ba su sauka, da sojoji da ke cinye kuɗin makaranta. Wani ya ce arzikin mai ne ya sa gwamnati ba ta buƙatar talaka, balle ta saurare shi. Kowa ya samu wanda zai ɗora wa, kuma duk wanda aka ambata yana nesa da tabarmar.

Da aka ce Mumuni ya yi magana tunda shi ya zauna can, ya ce bai musa ko ɗaya ba, amma shi abin da ya gani da idonsa wasɗa ce, wato wa ka sani. Ya ba su labarin wani ɗan ajinsu, ɗan ƙasar, wanda malamai kansu ke neman shawararsa a kan magudanan ruwa. Ya gama ya rasa aiki don ubansa ba kowa ba ne, ya ja keken haya, daga baya ya hau jirgin ruwa ya tsallaka Turai. Wanda aka ba aikin kuwa ɗan ƙanwar wani ne da ya yi waya ya nema masa. Ya ce wanda ya yi wayar ba azzalumi ba ne, mutumin kirki ne mai son danginsa, yana salla a kan lokaci, kuma irinsa dubu ne kowace safiya. Kusan duk wanda ke zaune a wurin kuwa an taɓa yin irin wannan wayar dominsa. Bai ambaci sunanka ba, Yaya, kuma bai taɓa faɗin komai a kanka ba sai alheri.

Sauran labarin ba daɗi. Ƴar Alu ba ta samu kujerar ba, an ba ɗan wani da aka yi waya dominsa bayan taka. Mumuni ya sani. Yanzu yana Saga tare da ƙungiyar manoma, yana gyara musu injin ban ruwa, abin da ake ba shi ko man babur bai kai ba. Bai yi nadama ba, kuma ni ma na daina yi masa. Abin da ke cin sa shi ne kai. Ya rame, duk sanda waya ta yi ƙara sai ya duba, in ba kai ba ne ya ajiye. Maigidana ya ce in bar ku ku shirya da kanku, amma na san taurin kanku iri ɗaya ne.

Na san za ka ce ka sake yi wa darektan magana a samo masa wani gurbi. Don Allah kada ka yi, ba zai je ba. Ba aiki yake jira daga gare ka ba. Ɗanka za ka kira, ko da faɗa za ka yi masa, zai ɗauka.

Inna na gaishe ka, ta ce ka daina shan sanyi. Ka gaida Zeinabu, da Sadiƙ, da Amina ƴar auta. Maigidana da Aminatu suna miƙo gaisuwa. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Zuwera