Ragar da Na Cire wa Lansir

Zuwa ga Maman yara,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taki, ya mai jego da jaririya? Nan lafiya lau, sai shirun gida da ya ishe ni. Har yau kofi biyu nake ɗaurayewa da safe.

Kin ce ba don lansir ɗin ruwanki ba, da kin bi shawarar 'yarmu kin yi zamanki can. To, kwantar da hankalinki. Famfo na aiki, ruwa na zagaya bututun da kika shuka su a ciki. Sai dai baƙar ragar nan da kika rufa musu, na cire ta. Haba, shuka a ƙuntata mata kamar mai laifi? Kwana goma da shan rana, ga su sun miƙe, har da fararen furanni. Da kin gani da kin sara mini.

Mijinki,
Mai kunnen ƙashi

Zuwa ga Maman yara,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, wasiƙarki ta iso, na kuma sha faɗa har na ƙoshi. Ashe fure ba abin murna ba ne. Na tsinki ganye na tauna kamar yadda kika ce, ɗaci kamar maganin zazzaɓi. Da na sa hannu a ruwan na ji shi da ɗumi, gansakuka ta naɗe saiwoyin.

Garin gyaran doro sai na karya ƙugu. Na mayar da ragar, na ninka ta biyu, na ƙara da tsohon bargo. Waɗanda rana ta bari sai suka yi fari fat, suka zama dogaye sirara, suka kwanta. Mai kantin iri ya zo ya duba, ya ce hasken safe suke so da inuwar rana tsaka, kuma na makara. Jiya na kwashe na ƙarshensu. Irin da kika shekara tara kina raino daga reshe zuwa reshe, babu ko ɗaya.

Na kashe famfon. Sai da ya yi shiru na gane ƙararsa ce ke taya ni zama.

Na so in ɓoye miki har ki dawo, na kasa. Yanzu ba abin da ke jiranki a gidan nan sai ni, ban sani ba ko na isa. Kewarki nake ji ƙwarai. In za ki zo, faɗa mini ranar in tarye ki a tasha.

Ki gaida yara.

Mijinki