Aboboyar Jana'iza a Tudun Tafo

Litinin, 8 ga Satumba, 2025

Yau mun sha kunya a tudun Tafo. Aboboyar lantarkin nan mai taya uku, wadda samarinmu na ƙasar waje suka saya wa masallaci don kai gawa maƙabarta, ta tsaya cak a tsakiyar hawa. Ga makarar Hajiya Safiatu a baya, ga mutum huɗu zaune gefenta. Ba hayaƙi, ba tari. Shiru kawai ta yi, ta fara ja da baya. Muka sa dutse a taya, muka tura. Masu tirotiro, bas-bas ɗin haya, suna ta danna mana oda, wata mai tallan burodi ta tsaya ta riƙe baki.

Ni dai na faɗa tun ranar da aka kawo ta. Shekara talatin da ɗaya ina gyaran giya a Magazin, unguwar makanikai, ban taɓa ganin abin ɗaukar kaya na kirki da ba shi da giya ba. Abdulwahab, shugaban kwamitin jana'iza, ya ce mini zamani ya wuce nan. To ga zamani, yau da kafaɗa muka kai shi sama.

Bawah ne ya tsaya mini a rai. Tare muka tashi. Shi ke wanke mana mazanmu in sun rasu, shi ke raka kowa har bakin kabari. Ya sauko ya sa hannu a turin, ga ciwon ƙodarsa. Da muka kai sama sai da ya zauna a kan kwalbati.

Laraba, 10 ga Satumba

Na tambayi Basiratu abin da ya tsayar da aboboyar, ba don ban sani ba. 'Yata ce, amma tun da ta gama karatun injiniya ta shiga wurin masu canza batirin babur a Buokrom hirarmu ta ragu. Mutanen da ke neman kashe mini sana'a, me zan ce musu?

Ta ce injin lantarkin gudu ɗaya aka ɗaura masa, wanda ya dace da shimfiɗaɗɗiyar hanya. In aka zo tudu da kaya sai ya riƙa juyawa a hankali yana zuƙar wuta, ya yi zafi. Akwai wani akwati, kwantirola take ce masa, shi ke raba wa injin wuta, shi ne ya yanke don kada ya ƙone.

Na ce, "Wato tana hawa tudu da giya huɗu ke nan." Ta ce, "Haka ne, Baba." An daɗe ba a ce mini haka ne ba a gidan nan.

Juma'a, 12 ga Satumba

Bayan masallaci na leƙa Bawah. Ƙafafunsa sun kumbura, silifa ba ya shiga. Muka yi hirar da, har ya tuna mini ranar da na sha duka don na kwance keken Liman. Da zan tashi ya kama hannun rigata.

"Masta Karimu, likita ya gaya mini gaskiya, na kuma gode masa. Mutuwa ba ta ba ni tsoro, na san ta ciki da waje. Abu ɗaya nake roƙo. Kada a tura ni a tudun nan kamar buhun gawayi, masu tirotiro suna zagi."

Na ce ya daina wannan magana, sai ya binne mu duka. Ya ce yoo, ya ji, amma dai ya faɗa.

Ban iya cin waken rana ba.

Lahadi, 14 ga Satumba

Taron kwamiti. Abdulwahab yana so a aiko da babban inji da babban batir daga waje, wata uku ko huɗu. Wani ya ce a koma hayar bas, alhali bas ba ta shiga lungunanmu, lungun su Bawah ma ko tasi ba ta shiga. Wani kuma ya ce a sa mata ƙaton sifiroket, faifan da sarƙa ke ja, a baya ta samu ƙarfi. Na ce za ta hau tudu, amma a miƙaƙƙiyar hanya mai tafiya a ƙasa zai wuce ta, a yi salla da azahar a binne da magariba.

Na ce su ba ni ita mako biyu in sa mata giya biyu, ɗaya ta hawa, ɗaya ta gudu. Abdulwahab ya ce abin lantarki ba ya son giya. Na tambaye shi ko ita ce ta gaya masa. Aka yi dariya, Liman ya ce a ba ni.

Ban faɗa musu dalilin gaggawata ba.

Alhamis, 18 ga Satumba

Aboboyar tana rumfata. Maƙwabta suna zuwa kallo, Kwame mai walda yana ce mini Masta ya tuba ya shiga addinin batir. Na samu tsohon giyabos na babur, na ciro abin da nake so, na bar giya biyu. Ƙanshin man giya a hannuna ya dawo mini da raina. Rabona da aiki mai sa tunani tun bara.

Talata, 23 ga Satumba

Basiratu ta biyo da yamma da jakar kwamfutarta. Ta tsuguna ta duba haƙoran giyar, ta ce sun yi sirara. Wai injin fetur a hankali yake tara ƙarfi, shi kuwa na lantarki da ka murɗa hannu yake sauke ƙarfinsa duka lokaci ɗaya. Ta ce in bari ta rage masa zafin tashi a cikin kwantirola.

Na ce haƙoran nan sun ja buhun masara shekara goma kafin ta san kwamfuta. A gaban Kwame na faɗa. Ta ce, "To, Baba," ta rataya jakarta ta tafi.

Da ta yi gardama ma da ya fi mini sauƙi.

Asabar, 27 ga Satumba

Gwaji. Na loda buhunan yashi daidai nauyin makara da mutum huɗu, muka tafi da Kwame. A ƙasan tudu na tsaya, na sa giya ɗaya, na murɗa hannu yadda na saba, irin yadda ake ba babur wuta kafin ya tashi. Sai na ji ƙas a ƙarƙashina. Ko taku ɗaya ba ta yi ba.

Da na buɗe, haƙora uku na kwance a cikin mai kamar tsakuwa a shinkafa. Mun tura ta har Magazin. Allah ya saka wa Kwame.

Lahadi, 28 ga Satumba

Ban fita ba.

Talata, 30 ga Satumba

Mariyama, matar Bawah, ta aiko. Ya daina cin abinci, koko ma cokali biyu. Na same shi a jingine da bango, muryarsa ta yi ƙasa sai ka sunkuya. Ya ce, "Yaya motata?" Na ce ana kai. Ya dube ni irin duban da yake yi wa 'yan uwan mamaci in sun ce marigayi bai bar wasiyya ba.

Daga can ban koma rumfa ba, Buokrom na wuce. Ban taɓa taka wurin aikinta ba. Babura jere, ba ƙara, ba ɗigon mai a ƙasa, kamar asibiti. Ta gan ni ta taso da sauri, ta ɗauka wani abu ne ya faru a gida. Na ciro haƙoran uku daga aljihu na ajiye a kan teburinta. Na ce Bawah ba shi da lafiya sosai, na gaya mata roƙonsa.

Ta juya haƙoran a tafinta. "Baba, ka yanko masu kauri. Sauran ka bar mini."

Ko kalma ɗaya ba ta tuna mini da Talatar da ta wuce ba. Halin uwarta ne, ba nawa ba.

Asabar, 4 ga Oktoba

Kwana huɗu muna kai. Ni na sa aka yanko sababbin giya a wurin masu yankan ƙarfe, ita ta jona kwamfuta da kwantirola, ta sa injin ya riƙa tashi a hankali. Ta kuma sa wani ɗan maɓalli a jikin sandar giya, in ka taɓa sandar wuta ta ɗauke na ƙiftawar ido, giya ta shiga ba faɗa. Aikin kuloci ke nan, ba kuloci. Na yi ta jujjuya abin a kaina. Wayo ne, ba laifi.

Wahalata ɗaya, ni da kunne nake canza giya. Inji ya yi kuka, ka san lokaci ya yi. Wannan kuwa ba ta kuka, ɗan siririn fito kawai take yi. Basiratu ta ce in duba lambar da ke kan allo. Na ce idona na kan hanya. Muka rabu a kan in saurari fiton, in ya yi kauri in sauko giya ɗaya. Ta ce ita ba ta jin bambancin. Ni ina ji.

Litinin, 6 ga Oktoba

Aboboyar ta hau tudun. Da yashin nan, har da Kwame da wani ƙaton abokinsa a kai. Giya ɗaya, a hankali, ba tangarɗa. A sama na sa hannu a jikin injin, ɗumi kawai, kamar kofin shayin da ya huce. A miƙaƙƙiyar hanya na sa giya biyu, har muka wuce wata tasi. Mun je mun dawo sau biyu batir bai kai rabi ba, alhali da zuwa ɗaya yake lashe shi. Basiratu ta ce don injin yana aiki a gudun da yake so ne, ba ya ɓarnar wuta a zafi. Ta ce da haka ƙaramin inji zai yi aikin babba.

Na je na gaya wa Bawah. Idonsa a rufe, na ɗauka barci yake. Ya ce, "Wa zai tuƙa?" Na ce Abdulwahab ya saba. Ya girgiza kai, ya nuna ni da yatsa.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Bawah ya cika da hantsi.

Liman da kansa ya yi masa wanka, ya ce shekara da shekaru bai yi ba don Bawah bai bar wa kowa ba. Na shigar da aboboya har ƙofar gidansu. Aka yi salla bayan azahar. Jama'a kamar ranar idi, don babu gidan da bai shiga ba a Zango.

Mata ba sa zuwa maƙabarta, Basiratu ta tsaya a cikinsu a bakin zaure. Ita ta cika batir da safe, ta duba maɓallin sau uku. Da zan tashi muka haɗa ido.

Tun daga nesa na hango tudun. Mutum biyar ne a baya, ba huɗu ba, ban iya ce wa kowa ya sauka ba. Wani tirotiro ya tsaya ɗaukar fasinja daidai tsakiyar hawa, dole na taka birki. Tashi daga tsaye, a kan tudu, da kaya. Na ga Abdulwahab ya sauko daga babur yana naɗe hannun riga. Na ce masa, "Kada kowa ya taɓa ta."

Na sa giya ɗaya, na yi bismilla, na murɗa kaɗan. Ta ɗauka kamar mai ɗaga jariri.

Abin da ban zata ba shi ne shirun. Shekara nawa ina raka gawa, ƙarar inji ce a kunnena. Yau ina jin salatin mutanen baya kalma kalma, har numfashin Liman. Na yi kuka a kan sitiyari, ban damu da wanda ya gani ba. Babu hannun da ya taɓa ta har ƙofar maƙabarta.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Zaman makoki. Mutane suna ta cewa Masta ya yi aiki. Na ce Allah ne.

Mariyama ta sa aka kira ni ta bayan labule, ta ce ya gaya mata roƙon da ya yi mini. Ta yi mini addu'a mai tsawo. Na rasa inda zan sa kaina.

Laraba, 15 ga Oktoba

Na koma rumfa. Wani mai kai tukunyar gas gida gida ya zo da babur ɗin lantarki, ya ce ya ji labarin aboboyar masallaci, shi ma tudu na cinye masa batir kafin azahar. Na ce ya kawo ranar Asabar, ranar ce injiniyarmu take zuwa. Sai da ya tafi na ji abin da bakina ya faɗa. Kwame ya ji, ya yi kamar yana neman tabaransa na walda.

Da la'asar na kama hanya zan ba Bawah labari ya yi mini dariya. Har na kai bakin lungunsu kafin na tuna.

Na dawo rumfa. Na kwashe tarkacen da ke kusurwar benci ta wajen taga, na wanke man da kananzir, na ja waya na sa soket. Don kwamfutar Basiratu ce kawai, kada mai ya ɓata ta. Kujerar ma da ma tana nan, ƙafa ɗaya na gyara mata.