Fentin da Bai Taɓa Tashi Ba

Yaya Razak,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Barikisu da yara. Yaya idon Mma? Yaya kasuwa a Abossey Okai?

Ni lafiya lau, alhamdu lillahi. Sanyi ne kawai, shi ma an saba. Tarin nan ya yi sauƙi.

Ka ce Mma tana zama a ƙofar gida a Nima, duk jirgin saman da ya wuce sai ta ce wa maƙwabta fentin 'yarta ne a jikinsa. Ranar da na ji haka, na kasa cin abinci. Yaya, babu abin da na yi da ya taɓa barin ƙasa. Abin da muke haɗa fentin da shi, wanda ake kira girafin, baƙar ƙura ce irin ta bakin fensir. Muna dama ta da ƙaro, mu shafa a ɗan faranti, mu gani ko za ta hana ƙanƙara kama fiffiken jirgi. Makon jiya muka sa na ƙarshe a injin sanyi, ya tsattsage kamar ƙafa mai faso. Shugabanmu ya ce in bana ma haka, za a rufe aikin, izinin zamana a ƙasar nan kuma ya bi shi. Saboda haka Sallar nan ma ba zan zo ba.

In ka sami mai zuwa, ka aiko min da shito, soyayyen yajin nan namu na gida. Ku sa ni a addu'a.

Mma kuwa, kada ka gyara mata zance. Idon ya kusa tafiya. Ka bar ta ta ci gaba da nuna sama.

Ƙanwarka,
Ruhaina