Motar Burodi ta Kwali

Killybegs, 5 ga Oktoba

Zuwa ga mijina Fergal,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kuma tekun bai matsa muku ba. Yaya aiki, yaya gwiwar nan taka? Mu nan muna yadda ka bar mu. Colm ya ce in gaya maka haƙorinsa na gaba ya fita, yanzu yana iya fito.

Za ka yi mamakin ganin takarda alhali jiya muka yi waya. Tun da muka sauko da gadon Nessa falo, duk abin da na faɗa a waya a kunnenta yake. Shi ya sa kullum sai ka ji ina cewa lafiya lau, lafiya lau, kamar rediyo.

Gaskiyar magana ita ce har yau ba ta yarda ta fita ba, in ba asibiti za mu ba. Wata huɗu ke nan tun da motar burodin nan ta buge ta. Malamarsu tana aiko da aikin makaranta, tana yi tsaf, amma da na ambaci komawa aji sai ta juya keken guragun nan ta fuskanci bango. Ƙawayenta sun zo sau biyu, ta yi barcin ƙarya. Likita kuwa maganarsa ɗaya ce, a jira a gani. Yarinya 'yar shekara goma, Fergal, mai hawa katangar coci, yanzu labule ma ba ta so a ɗaga.

Ni kuma na rasa inda zan sa kaina. Na wanke tagogi sau biyu a mako guda. Littattafai uku na aro a laburare, kowanne na tsaya a shafi na ashirin da wani abu, ni da nake cinye littafi a kwana biyu kana yi mini tsiya wai na auri takarda. Ranar Talata da na kai ta gashin ƙashi a Letterkenny, ma'aikaciyar ta ce in je in sha iska, awa biyu za su yi. Na shiga sinima. Fim ɗin ban dariya ne, mutane suna ta ƙyaƙyatawa, ni kuwa ina ta duba agogo. Ko rabi ban kai ba na fito, na koma na zauna a mota a bakin asibitin ina kaɗa ƙafa.

Abu ɗaya ne yake riƙe ni a kujera, keken ɗinki. Bikin Halowin ya matso, daren da yara ke yin shigar dodanni suna bin gida-gida karɓar alewa, kuma ka san mutanen garin nan. Ko mai sayar da nama sai da ya tambaye ni, "Dervla, me za ki ɗinko mana bana? Har yanzu matata tana maganar shigar ƙaguwa da kika ɗinka bara." Colm ya zaɓi nasa, tsuntsun teku zai zama, mai satar soyayyen dankali a tashar jirgi. Na riga na yanka fukafukan. Nessa ban tambaye ta ba. Na samo tsofaffin labulen zauren coci, jan karan-miski, zan yi mata rigar sarauniya mai faɗin gaske, wadda za ta sauko ta rufe tayoyin har ƙasa. Wanda ya gan ta zai ɗauka a karaga take. In ta ga ba wanda zai lura da keken, wataƙila ta yarda ta fita ko da layinmu ne kawai. A ɗakin sama nake ɗinkin, don kada ta gani sai na gama.

Ka riƙa sa hular nan da na saƙa maka, na san halinka. Ka gaishe da abokan aikinka.

Taka har kullum,
Dervla

Killybegs, 19 ga Oktoba

Fergal nawa,

Ina gaishe ka, ina fatan tarin da na ji kana yi a waya ya lafa. Yaran lafiyarsu ƙalau. Ni ce dai ban san yadda nake ba.

Na gama rigar ranar Alhamis. Ta yi kyau, ba yabon kai ba, har da kambi na yi mata da waya da duwatsun tsohuwar sarƙata. Na sauko da ita, na shimfiɗa a kan keken, na ce ta buɗe ido. Ta daɗe tana kallo. Sai ta ce, "Mama, wannan ai ba riga ba ce, murfi ne. Irin wanda ake rufe mota da shi." Na fara yi mata bayani, ta katse ni. "Kunyata kike ji? In kunyata kike ji ki faɗa, ba sai kin ɓata labulen mutane ba." Colm yana tsaye da fiffike ɗaya a hannu, ya fashe da kuka. Ni kuwa na tattare rigar na haye sama, na zauna a ƙasa. Ban iya ce mata ƙarya take ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Kwana biyu ba ta yi mini magana ba sai i da a'a. Jiya da rana ina feraye dankali ta turo kanta kicin, ta ce za ta fita ran Halowin, amma ita za ta zaɓi shigarta. Na saki wuƙar, na ce ko me take so zan yi. Ta ce, "Motar burodi nake so in zama. Motar Packie. Fara, mai shuɗin layi, kuma ki yi mata lotsawar nan a goshi, inda ni na lotsa ta."

Fergal, sai da na dafa tebur. Na ce wannan ba abin wasa ba ne. Ta ce, "To me ya fi ta ban tsoro a garin nan? Kowa zai yi fatalwar ƙarya, ni tawa ta gaske ce. Kuma ina da tayoyi, wa ya kai ni?" Tana faɗa tana dariya. Rabon da in ji dariyar yarinyar nan tun watan Yuni.

Ka san yadda nake da Packie McHugh. 'Yan sanda sun ce ba laifinsa ba ne, kai ma ka faɗa, rana ta kashe masa ido, ita kuma ta fito daga lungu a guje a kan basukur. Na ji. Amma in na hango matarsa Breege a titi tsallakawa nake yi, burodi ma sai in tuƙa mota har Dunkineely in sayo. An ce ya ajiye aikin, ko coci ba ya zuwa. Da aka gaya mini ban ji tausayinsa ba, daɗi ma na ji.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba, gara in rubuta shi tunda hannuna ya fara. Ran nan ba ita ta ce za ta fita ba. Madara ce ta ƙare, ni ya kamata in je kanti. Ina kwance a kujera da littafi, saura mini babi biyu, na ce mata, "Nessa, ɗauki basukur ki karɓo mana, bari in ƙarasa wannan." Ko ɗago kai ban yi na dube ta ba. Da Breege ta zo tana bugun ƙofa, yatsana yana cikin littafin, da shi na fita titi. Duk lokacin da aka ambaci Packie sai in ji sauƙi, don an sami wanda za a kalla ba ni ba. Nessa ba ta taɓa tayar da maganar ba, ban sani ba ko ta manta ne, ko rufa mini asiri take yi.

Kada ka kira ni a kan wannan, ba zan iya amsawa a gabanta ba. Ka rubuto in za ka iya.

Yau da safe na je kantin kayan lantarki na roƙi kwalin firiji. Ban san ko daidai nake yi ba. Na dai sayo farin fenti.

Matarka,
Dervla

Killybegs, 1 ga Nuwamba

Masoyina Fergal,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan wannan ta same ka lafiya kafin jirginku ya taso. Takardarka ta iso ranar Laraba. Na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa, na sake karantawa a mota. Ka ce kai ne ka saya mata basukur ɗin, kai ka koya mata sakin hannu, in rabon laifi za a yi sai a yanka maka naka. Ban yarda da kai ba, amma na gode. Sauran sai ka zo.

Bari in ba ka labarin jiya tun yana da zafi.

Kwana goma muka yi muna aikin motar a falo. Ni ina yanka, ita tana ba da umarni kamar shugabar ma'aikata. Kwanon silba biyu muka yi fitilu da su, muka sa tocila a ciki. Na ɗinka burodi goma sha biyu da tsohon bargo, muka jera a baya. Lotsawar kuwa ita ta yi da kanta, da muciya, sai da na ce ya isa haka. Ta sa na ɗaura mata hon na roba a hannun keken, ta hana kowa sakat da shi.

Ƙarfe biyar muka fita, gari bai gama duhu ba, ana ɗan yayyafi. A bakin ƙofa ta ce in tsaya. Na ɗauka shi ke nan, komawa za mu yi. Sai Colm ya buɗe fukafukansa ya yi wani kuka irin na tsuntsayen tasha, ya ce, "Direba, ki tafi mana, alewa za ta ƙare!" Ta matsa hon, muka fita.

Manya ba su san yadda za su yi da fuskarsu ba. Matar nan ta gida mai lamba shida ta buɗe ƙofa da kwanon alewa, ta ga motar, ta dube ni kamar na haukace. Yara kuwa ba ruwansu. Kafin mu kai ƙarshen layi, masu shigar mayu da ƙwarangwal sun kai goma a bayanmu, kowa yana roƙon a bar shi ya matsa hon. Ƙawarta Sorcha ta faɗi a gaban motar da gangan tana shure-shure, Nessa tana ihu, "Tashi, ba ki iya ba, ni na san yadda ake yi!"

Da muka iso mararrabar coci na juya keken zuwa gida. Ta riƙe tayoyin gam. Ta ce saura gida ɗaya, ta nuna gangaren da ke sauka wajen su Packie. Na ce a'a. Ta ce, "To sake ni in gangara da kaina." Ka san gangaren nan. Na bi ta.

Gidan ba kabewar ado ta bikin, ba fitila a waje. Sauran yaran suka tsaya a bakin shinge. Nessa ta yi ta matsa hon har Breege ta buɗe. Da ta gan mu sai ta toshe baki da hannu, ta juya ta kira shi. Fergal, da ka gan shi ba za ka gane shi ba. Rigar sanyinsa kamar a jikin ƙusa aka rataye ta. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon motar, yana kallon lotsawar.

Nessa ta ce, "Baba Packie, alewa ko in take ka."

Ban san sautin da ya fito daga bakinsa ba, ko dariya ko kuka. Ya sauko a hankali, ya zagaya motar, ya taɓa fitilun, ya taɓa burodin. Da ya zo baya sai ya tsaya, ya share fuska da hannun riga, ya ce, "'Yar nan, lambar motar ba daidai ba ce. Bakwai ce a ƙarshe, ba ɗaya ba." Ta ce, "To gyara mana, ai motarka ce." Breege ta kawo alƙalami, ya durƙusa a jiƙaƙƙiyar ƙasa ya gyara. Daga nan inda yake durƙushe ya ce mata kullum sai ya gan ta a gaban gilashin motar, ko idonsa biyu. Ta ce, "Ni ban ma gan ka ba. Kwalbar madara nake ji da ita." Breege ta cika mata jaka da gyaɗa da tuffa, har da burodin zabibi guda, ta ce zoben sa'ar da ake ɓoyewa a burodin bikin yana ciki, a ci a hankali.

Ni duk wannan ina riƙe da hannun keken. Da za mu tafi na fara turawa, ga kwali ya sha ruwa ya yi nauyi, ga hawa. Taku biyar na yi na tsaya ina haki. Sai na ji shi a gefena. Bai dube ni ba, ƙasa yake kallo. Ya ce, "Dervla, ko za ki bari in tura ta zuwa sama? In ba ki so, na gane."

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Yatsuna sun ƙi buɗewa. Nessa ba ta waiwayo ba, ba ta sa baki ba, ta bar ni da abina. Na saki.

Ya tura ta har ƙofar coci, tana ce masa ya ƙara wuta, yana cewa shi ya daina gudu. Yaran suka rufa musu baya da ihu. Ni na biyo su daga nesa tare da Breege, na rasa inda zan sa hannuwana, sai ta kama ɗaya ta riƙe.

Ban ce na yafe masa ba, ban ma san ko akwai abin yafewa ba. Da muka iso gida dai na ce su shigo su sha shayi, suka shigo.

Ka sanar da ni ranar da za ku sauka, mu zo tarbarka mu uku. Allah ya kawo mana kai lafiya.

Taka,
Dervla