Hoton Curtis

Toledo, 3 ga Afrilu

Zuwa ga Lorraine,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Mama? Ya maigidanki da jikoki? Ni dai gwiwa ce ta sa ni gaba, sauran sai godiya.

Rabon da ki ji daga gare ni tun jana'izar yayanki Curtis, shekara talatin da ɗaya ke nan. Roƙo ne ya kawo ni.

Kin san mashayar Dottie, matattarar maza masu son maza, inda na haɗu da shi. Wani kamfanin giya ya fito da shirin adana tarihin irin waɗannan wurare kafin su ƙare, an kuma zaɓi tamu. A da ko sunanmu ba sa so kusa da kwalbarsu, yau su ne da ɗokinmu. Kowa ya daɗe ya ga daɗau.

Bango guda za su cika da hotunan mutanen da. Matar da suka turo ta ce, "Baba Wendell, kai da ka shekara ashirin a bakin ƙofa, ai hotuna sai mun zaɓa!" Dariya kawai na yi. Ba ta san aikina a ƙofar nan shi ne hana ɗaukar hoto ba. Lokacin, hoto ɗaya ya isa a kori mutum daga aiki, ko a raba shi da 'ya'yansa. Duk wanda ya ɗauka, sai in zare fim ɗin daga kyamarar in buɗe shi a haske ya lalace. Ranar da Curtis ya cika talatin wani ya ɗauke mu kafaɗa da kafaɗa. Curtis ya ce da ni, "Haba sarkin tsoro, bar mana wannan ɗaya mana." Ban bari ba.

Shekara tara muna tare, ba ni da hotonsa ko guda. Waɗanda suka san fuskarsa a nan duk cutar nan ta ƙanjamau ta kwashe su, saura ni. Don Allah ki aiko min da ɗaya, kada a cika bangon babu shi.

Naki,
Wendell Pruitt

Toledo, 29 ga Afrilu

Zuwa ga Lorraine,

Ina fata kuna lafiya. Saƙonki ya iso, na gode ƙwarai.

Na fahimci sharaɗinki: muddin Mama na da rai, kada a kafe hoton a mashaya. Ya yi min ciwo, ba zan ɓoye miki ba, amma ni ne zan ga laifin mai ɓoyo? An buɗe bangon ranar Asabar da rana. Jama'a cike, ana ta tafi, ban san kowa ba. Na sha ruwan lemo na dawo gida.

Abu ɗaya ne ba ni da wanda zan faɗa wa sai ke. Kullum nakan ce fuskarsa na nan a raina, ba na bukatar takarda. Da na buɗe ambulan ɗinki na ga samari uku a ƙofar coci, na daɗe ina kallo. Sai da na juya bayan hoton, na karanta inda kika rubuta "na tsakiya", sannan na san wanne ne shi.

Ki gaida Mama, ko ba ki ce daga wa ba.

Naki har kullum,
Wendell